Kafintan da Ke Bar wa Iska Hanya

A shekarar 1996 aka rushe gidan ƙasa na ƙarshe a layin su Kafinta, aka gina na bulo da rufin kwano a gurbinsa. Kafinta bai yi baƙin ciki ba, domin daga nan kasuwarsa ta buɗe. Sai dai ya tashi ne a ɗakin da kaurin bangonsa ya kai kamu guda, inda ake barcin rana ba a nemi mafici ba, don haka ya riga kowa sanin abin da aka rasa. Bulo yakan sha rana tun hantsi, ya riƙe zafinta har bayan magariba. Kwano kuwa, da azahar ta yi, ba shi da maraba da murfin tukunya.

Saboda haka ya ɗauki wata ɗabi'a a aikinsa. Duk rufin da zai ɗora, sai ya ɗaga shi nesa da silin, ya sa magini ya bar 'yar taga a kowane gefe can ƙarƙashin kwano, ya rufe ta da raga. Iskar da ta gasu a sama takan fice ta nan, maimakon ta danno cikin ɗaki. Abokan sana'a suka yi ta tsokanarsa, wai ɗakin tattabaru yake yi wa mutane. Shi dai sai ya yi murmushi, ya ci gaba da buga ƙusa.

Da mijin autarsa, wani ma'aikacin ofis mai son tsari, ya gina gida, Kafinta ya yi musu irin wannan rufi. Ba a yi wata biyu ba surukin ya sa aka toshe tagogin da siminti, domin abokansa sun ce gidan ya yi kama da wanda ba a gama ba.

Bazara ta shigo, Auta ta haihu. Ƙuraje suka feso wa jaririyar a wuya da baya, ba ta barci sai kuka. Auta ta riƙa goya ta zuwa gidan iyayenta kullum, ba ta komawa sai rana ta yi sanyi. Maƙwabta suka fara cewa yaji take yi a fakaice. Maganar ta kai kunnen miji, ya hana ta fita, gida ya ɗauki zafi biyu.

"Malam, ka yi masa magana mana," in ji matar Kafinta.

"In ce masa me? Gidansa ne. Ranar da na ce ya yi kuskure, tagogin nan sun toshe ke nan har abada, kuma 'yarki ce za ta sha."

"To, sai ka zuba ido jikarka ta dahu?"

"Ke dai miƙo mini hulata."

Ranar Asabar ce, ƙarfe biyu na rana, ya isa gidan Auta. Bayan sun gaisa, Kafinta ya ce wa surukinsa, "Ɗana, ina zaton na mance gudumata a cikin silin ɗin nan. Gwiwata kuma ta daina shiri da tsani."

Surukin ya kafa tsani, ya ɗaga murfin silin, ya shige.

"Baba, babu guduma a nan."

"Duba can ƙurya, wajen yamma."

Da ya sauko, rigarsa ta jiƙe sharkaf, idanunsa sun yi ja. Ya zauna a ƙasa. Auta ta kawo masa ruwa tana danne dariya.

"Baba, wannan wutar ce a kanmu kullum?" in ji surukin.

"A kansu dai. Kai kana ofis, ƙarƙashin fanka."

Surukin ya shanye ruwan, ya daɗe yana kallon jaririyar.

"Gudumar fa?"

"Wataƙila tana gida. Tsufa ne."

"To, in an gan ta a aiko mini. Ina da aiki da ita."

A yau Kafinta ya bar hawa rufi, yana gyaran kujeru a ƙofar gidansa. Tagogin gidan Auta a buɗe suke, kuma a ɗakinta take wuni da 'ya'yanta. Yawancin gidajen layin har yanzu ba su da irinsu.