Galan a Cikin Rumbun Gero

Ni na zaɓi rumbu. Yaya cewa ya yi a haƙa rami a bayan ɗaki a binne galan ɗin, ni kuwa na ce a'a, sabuwar ƙasa tana nuna kanta, gara a tura shi ƙarƙashin dammunan gero inda ba mai leƙawa sai mu. Da yake ni kaɗai na gama sakandare a gidan, sai aka ɗauki maganata.

Lokacin mai ya ɗauke ƙaf. Da farko layi ne a gidajen mai na Gusau, daga nan 'yan bumburutu suka ɓace da jarkokinsu, daga nan sai shiru. A garinmu Kekun Waje injin niƙa ya tsaya, injinan ban-ruwa suka tsaya, tattasai ya bushe a fadama muna kallo. Babura duk aka jingine su a zaure aka lulluɓe da buhu. In ka ji ƙarar babur daga nesa, to ba namu ba ne, na mutanen daji ne, 'yan bindiga, don su ba su taɓa rasa mai ba. Shi ya sa tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wa ke kai musu? 'Yan sintirin gari suka ce duk wanda aka samu da fetur a gida infoma ne. Na ga ranar da aka wuce da wani mai faci ta ƙofar gidanmu, hannunsa ɗaure da igiyar guga. Bai dawo ba.

Yayana ɗan kabu-kabu ne. Matarsa tana da tsohon ciki, kuma cikinta na fari bai zo da rai ba, kwana biyu ta yi tana naƙuda a gida. A asibiti sun rubuta mata a kati cewa wannan karon da ta ji alama a kai ta Gusau. Saboda haka Yaya ya sa tiyo ya zuƙe fetur ɗin da ya rage a tankin babur ɗinsa ya juye a galan ɗin man gyaɗa. Mu huɗu muka sani: shi, matarsa, Inna, da ni.

Ana cikin haka wata 'yar jarida ta zo. Da ƙafa ta shigo, tana bin bayan amalanken shanu daga Bungudu. Babbar mace ce mai tabarau, da takalmin kambas a ƙarƙashin doguwar riga, da jaka a kafaɗa. Ta ce tana yawo tana rubuta yadda rayuwa ta koma tun da mai ya ƙare. Mai unguwa ya sauke ta gidan Gwaggona, ya kuma aiko a ce ni zan riƙa shigar da ita gidaje.

Inna ba ta so ba. Ta ja ni ɗaki ta ce, "Ke ɗiyan nan, duk abin da ta tambaye ki, ki ce ba ki sani ba. Ko sunanki ta tambaya, ki yi tunani tukuna."

Ni ma ban yarda da matar ba. Ta ce ta je Tsafe, har ta shiga 'Yankuzo ta fito. Hanyar da maza ke tsoron bi da rana, mace ɗaya ta bi ta dawo ko ƙwarzane babu? Wayoyinmu duk sun mutu, nata rikoda kuwa kullum da wuta, tana shanya masa wani ɗan faifan sola a kan danga. Kuma tambayarta ba ta ƙarewa. Yaushe mota ta ƙarshe ta shigo garin? In mutum ya kwanta ciwo, da me ake fita da shi? Wa ya rage da injin da ke aiki? In ta juya baya mata su kalli juna. Wata tsohuwa ta ce mata, "Hajiya, mu ba mu san komi ba, sai dai lahiya lau." Alhali jikanta na kwance a ɗaki da zazzaɓi.

Amma tana da wani hali. In an yi mata ƙarya ba ta musu, sai ta zauna ta karɓi taɓarya ta taya daka. Ba ta iya ba, gero sai tsalle yake yana zubewa. Gwaggo ta ce, "Hajiya, aje muna taɓarya, kaji sun ƙoshi." Ta yi dariya har ta cire tabarau. Tun da injin ya tsaya, a tsakar gidan Gwaggo matan unguwa ke taruwa surfe da daka, don ita ke da manyan turame da tsohon dutsen niƙa. Ni ma nan nake kai geronmu.

Rana ta huɗu muna dawowa daga rijiya ta tsaya ƙarƙashin wata bedi tana rubutu. Ta ce a Tsafe an ba ta labarin wata da ta rasu a kan amalanke, ana hanyar asibiti. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, matar yayanki fa? Na ga ƙafafunta sun kumbura. Me kuka shirya?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaji da riƙe abin ni kaɗai a ciki. Na ce, "Muna da galan guda a rumbu."

Biro ya tsaya a hannunta. Ta rufe littafin ta ce, "Kada ki sake faɗa wa kowa. Ko ni da ba ki faɗa mini ba."

Tun daga nan jikina bai sake yin daidai ba. Me ya sa ta rufe littafin da sauri haka? Rikodan yana kunne a jaka ko yana kashe? Da yamma na hango ta tana gaisawa da shugaban 'yan sintiri a bakin masallaci, har yana gyaɗa kai. Na kasa cin tuwo. Inna ta ce mi ya same ki, na ce ciwon kai.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, suka zo. Ba su yi sallama ba. Ba su shiga ɗaki ko ɗaya ba, kai-tsaye rumbu suka nufa. Ɗaya ya hau ya yi ta watso dammuna ƙasa, ya ɗago galan ɗin sama kamar ya kamo zomo. Matar Yaya ta zauna daɓas a ƙasa. Suka ɗaure Yaya da irin igiyar nan ta guga.

Ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa aka kai shi. Kafin mu isa gari ya cika wurin. Mutanen da Yaya ya sha ɗauka kyauta zuwa kasuwa, su ne ke cewa dama sun lura da shi. Wani ya ce ai ko ranar da aka kwashe shanun gabas an gan shi yana waya. Wayar da ta yi wata guda a mace! Shugaban sintiri, wani dogo mai layu a damtse, ya ajiye galan a gabansa ya ce, "Nawa ka kai musu kahin wannan?"

Yaya ya ce, "Wallahi na matata ne."

Wani daga baya ya ce, "Matarka hetur take sha?" Aka yi dariya. Dariyar nan ta fi komai tsorata ni, don haka aka yi dariya ranar mai faci.

Sai na ji muryata tana fita da ƙarfi, a gaban maza, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Na ce, "Ku tambayi baƙuwar nan! Ita ke bin gida gida tana tambayar mai. Ita ta shiga 'Yankuzo ta fito lafiya. Ku tambaye ta wa take kai wa labari!" A raina na gama yanke cewa ita ta sayar da mu, to in za a tafi da Yaya, a tafi da ita.

Aka je aka zo da ita. Suka karɓe jakar, suka zazzage. Shugaban ya juya littafin sama da ƙasa, rabi Hausa ne rabi Turanci, kuma rubutun a harhaɗe. Ya miƙo mini ya ce, "Ke 'yar boko, karanta muna. Kada ki tsallake komi."

Na buɗe littafin. A nan na gane cewa duk abin da na ce yana ciki, yana ciki ke nan, ba mai iya ƙaryata ni sai ita, ita kuwa ba mai saurarenta. Na dube ta. Tana tsaye ba tabarau, an taka shi, tana ƙifta ido tana neman inda nake.

Na karanta abin da ke ciki. Akwai wani direba a Gusau da ya mayar da motarsa ɗakin kaji. Akwai malaman makaranta da suka daina zuwa don ba abin hawa. Akwai gawar da aka rasa yadda za a kai garinsu aka binne a inda ta faɗi. Akwai matar Tsafe da amalanke. Babu sunan kowa, babu kwatancen gida, ba ta ƙirga bindiga ko ɗaya ba. Na zo shafin garinmu: Gwaggo da taɓarya, tsohuwa mai cewa lafiya lau, sai matar Yaya, an ce wata mai ciki wadda ta rasa na fari, katinta ya ce Gusau. Sai shafin ranar rijiya. Tana bayanin layin mata da guga, jimlar ta kai tsakiya ta tsaya. Ƙasanta fari fat. Na san daidai inda biron ya tsaya, a gabana ya tsaya.

Na ce, "Shi ke nan."

Shugaban ya ce, "Ba maganar galan?"

Na ce babu. Sai bakina ya sake zarcewa, na ce, "To in ba ita ba, wa ya faɗa muku?"

Ya dube ni kamar ya ga mahaukaciya. Ya ce, "Wa ya ce baƙuwa ta hwaɗa muna? Geronku ne. Matata ta surfa nata bayan naku a turmin Gwaggonki, ta yi muna kunu, duk gidan muka ji hetur. Ta koma ta shinshina dussarku."

Ashe zafin rumbu ya kumbura galan ɗin, murfin yana tsatsafowa, geron ya shanye warin. Mu ba mu ji ba, don shekara da shekaru gidanmu warin fetur yake, daga rigar Yaya har tabarmar zaure. Da hannuna na riƙa ɗaukar geron nan ina kai shi tsakiyar matan unguwa.

Inna ce ta ratsa maza da katin asibiti a hannu ta ba ni, na karanta shi ma. Liman ya ce a duba, abin da ke littafin baƙuwa da abin da ke kati ɗaya ne, kuma baƙuwar ta rubuta nata tun kafin a kama kowa. 'Yar jaridar ta yi magana sau ɗaya tak. Ta ce, "Malam, mai kai wa daji ba ya ajiye galan guda har ya jiƙa masa abinci." Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. A ƙarshe aka kwance Yaya, aka sa shi ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse, aka sake shi. Galan aka ce zai zauna wurin liman sai ranar naƙuda. Baƙuwa kuma, tun da sunanta ya shiga bakin mutane, 'yan sintiri suka ce ba za su iya kare ta ba, ta bar gari kafin la'asar. Littafin da rikodan suka riƙe.

Na bi ta har bakin gari ina riƙe da jakarta da ba komai ciki sai sola da ɗankwali. Na yi ta shirya yadda zan ba ta haƙuri har gidaje suka ƙare. Da muka kai gonar ƙarshe ta karɓi jakar ta ce, "Koma gida, kada a ce kin raka ni da nisa." Ta ɗan yi gaba ta juyo ta ce, "Kin iya karatu. Ba ki ƙara ko kalma ba." Ta kama hanyar Bungudu tana taka ƙasa a hankali, saboda ba ta gani sosai.

Bayan sati ɗaya da 'yan kwanaki naƙuda ta tashi da safe. Yaya ya ruga gidan liman, ya karɓo galan ya juye man a babur, muka ɗora matarsa a tsakiya ni ina baya ina riƙe da ita. Tun da muka tayar da babur mutane ke gudu suna rufe ƙofa, sun zaci mutanen daji ne. Man ya ƙare muna hango gidajen Gusau, muka ƙarasa da turi. An yi mata aiki, aka ciro ɗiya mace da rai.

Yaya yana nan da ransa, amma har yau akwai waɗanda in ya zo majalisa sai hira ta mutu. Da mai ya dawo, wasu sun gwammace su jira wani babur. A Gusau na yi ta duban duk mace mai tabarau, ban gan ta ba, ban kuma san ko ta isa Bungudu a ranar ba. Na tambayi masu amalanke, wani ya ce ya gan ta, wani ya ce wata ce daban.

Geron kuwa ba mu da wani, shi muka ci har kaka. Inna ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa, warin bai fita ba. Gwaggo ta ware mana turmi guda a gefen danga, ba mai taɓa shi sai mu.