Hawa Tara a Minti Goma

Shekara goma sha tara Pu Caifeng tana aiki ɗaya a wani asibiti a Kunming. Da an yanko tsokar huhu mai ciwon daji a ɗakin tiyata, ita ke karɓa ta sauko da ita ɗakin bincike, ta tsoma a tulun sanyi kafin minti goma su cika. In aka wuce haka, RNA, siririn zaren saƙon da ke cikin tsokar, zai fara lalacewa. Ko ɗigon yawu ko hawaye ya taɓa shi, an yi asara. Shi ya sa matar da ba a kayar da ita a surutu, da ta sa safar hannu sai ka rantse bebiya ce.

Likita Miao, shugaban binciken, irin zaren nan mai zobe yake farauta, wanda ba kai ba wutsiya. Yana zargin shi ke zuga ciwon ya bazu.

"Yaya Pu, anya kin gane abin da nake nema?" ya taɓa zolayarta.

"Na gane mugu ne mai taurin rai. Kai dai kamo shi, kawowa tawa ce."

Ba wasa take ba. A ƙauyensu, hayaƙin kwal na murhu ya cinye huhun uwarta da na goggonta, alhali ba wadda ta taɓa sa taba a baki.

Wata Talata layi ya zo kan ƙanwarta, Caiying. Ana tura ta tiyata ta kamo hannunta.

"Sarkin surutu, da kanki za ki kai tawa tsokar. Jikoki mata uku gare ni. In kika yi sanyin jiki, ban yafe ba."

Aka miƙo tsokar, lif ɗin hawa da sauka bene kuwa ya ƙi zuwa. Hawa tara, ga gwiwa mai ciwo, ga shekara hamsin da huɗu. Pu ta rungume akwatin ƙanƙara ta bi matakala. Kuka ya taso mata a hawa na biyar, ta haɗiye shi da ƙarfin tsiya.

Minti tara ta tsoma. Ta rubuta lamba a kwalbar da tsokar ke ciki, ba suna ba, yadda doka ta ce. Ta rufe tulun, ta cire safar hannu, ta fita ta ja ƙofa. A can waje, inda hawaye ba zai ɓata komai ba, ta zauna a ƙasa ta yi kukanta.