Ranar da Kawu Ya Ga Naman Jikinsa

Mun tashi da asuba daga Tajaye, ni da kawuna, a bayan wata tsohuwar mota da ta sha buhunan wake. Muna kan hanyar wani asibiti ne a yankin Malbaza. Fitsari ya daɗe yana wahalar da kawu, har aka ɗan yanko nama daga furostat ɗinsa, wato tsokar da ke ƙasan mafitsarar maza, aka aika bincike. Ranar nan za mu ji sakamako.

Hanyar ta ci ruwan damina, duk ramin da muka faɗa sai kawu ya ce a tsaya ya zaga. Direba ya gaji har ya daina tambaya. Da muka hau kwalta, jandarma suka duba mu suka sallame mu. Albasa kuwa jibge a bakin hanya, araha kamar kyauta. Na saya mana fura mai sanyi, kawu ko kallonta bai yi ba.

Da muka isa asibitin, muka tarar likitar mace ce, ga sakin fuska. Ta juyo mana da kwamfuta, sai ga hoto ja da shuɗi kamar zanen atamfa.

"Baba, naman jikinka ke nan. Waɗannan ƙwayoyin sun jeru daidai. Amma dubi nan, 'yan kaɗan sun sake kama, cikinsu ya yi girma."

"Ciwon daji na?" in ji kawu.

"Ba mu ga daji ba. Sai dai ba mu sake ka ba, dole ka dawo mu sake dubawa."

Kawu ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi. "Ashe haka cikina shike da kyau!" Likita ta yi dariya har da riƙe tebur.

Daga nan ya ce sai Konni, wajen ɗiyarsa. Da muka isa garin, muka hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, cikin cunkoson manyan motocin iyaka, yana ta ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu. Ɗiyar ta yi kukan murna, ta dafa mana zabi, ya cinye rabonsa ya leƙo nawa.

La'asar sakaliya muka iso gida, dattawa na zaune ƙofar masallaci. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne kunya ta fi ciwon wahalar da mu. Kafin a kira magariba, tsofaffi biyu sun ja ni gefe, kowa a ɓoye, suna tambaya yaushe za mu koma asibitin, su ma su bi mu.