Kotun Wasa ta Malama Turai

Malama Turai Muhtari ba ta da tsawo, muryarta ma ba ta kai ta kawo ba, amma in ta shiga aji sai kowa ya shiga taitayinsa. Ofishinmu ɗaya da ita a wata kwaleji a Ƙaura Namoda. Ni lissafi nake koyarwa, ita kuwa Turancin kotu take koya wa ɗaliban shari'a. Haifaffiyar Zurmi ce, kuma tun tana ƙarama take da son gardama, har 'yan gidansu suka laƙaba mata Lauya. Ba ta zama lauyar ba, sai ta koma ƙera lauyoyi.

Ita ba ta yarda da haddar kalmomi ba. Cewa take Turancin da mutum bai miƙe tsaye ya faɗa gaban jama'a ba, ba ya zama a baki. Saboda haka ta mai da ajinta kotu. Tela ya ɗinka mata baƙaƙen riguna, ta yi hular lauyoyi da auduga, tebur ya zama kujerar alƙali. Nakan tsokane ta in ce, "Ranki ya daɗe, yau wa za a ɗaure?" Sai ta harare ni ta wuce.

Shari'ar gona da ta satar akuya suka ishi ɗalibai, suka fara hamma. Sai ta kawo musu abin da kowa ke raɗa a kai a yankinmu: shari'ar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ta kuma ce kowa ya yi amfani da sunansa na gaskiya, don in an ba su sunan aro dariya suke yi, wasan ya lalace.

Wanda ta sa ya zama abin tuhuma shi ne Jabir, ɗan wani ƙauye kusa da Galadi, mai kunyar tsiya, wanda Turanci ke maƙale wa a wuya. So take ta buɗe bakinsa. Roseline, 'yar wani mai shagon magani, ta zama lauyar gwamnati, ta rufe shi da tambayoyi. Jabir ya tsaya kansa a sunkuye, ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, har ƙwalla ta zubo masa. Malama ta dawo ofis tana murna kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ba ta san wani ɗalibi ya ɗauki abin a waya ya watsa ba.

Bidiyon ya je Shinkafi, ya wuce ƙauyensu Jabir. A can ba wanda ya ji Turancin. Abin da suka gani shi ne alƙali da lauyoyi da ɗansu yana kuka, suka ji an kira sunansa da na ubansa da na garinsu, suka kuma ji kalmar infoma, wadda ba ta buƙatar tafinta. A ƙauyukanmu kuwa wanda aka liƙa wa wannan suna ba ya kai labari.

Mahaifinsa, Malam Shehu, ya bugo mata waya ina zaune. "Malama, mi ɗana yay yi? 'Yan sa-kai sun zo har gida suna cigiya tai."

Turai ta ce, "Baba, wasa ne, wallahi karatu ne." Tsohon ya ce shi ya yarda, amma ba shi kaɗai ne a garin ba.

Abinci ya gagare ta. Da waya ta yi ƙara sai ta zabura. Ta hana Jabir fita ko kasuwa, ta bi ɗalibai tana roƙo su goge bidiyon, kamar gogewar za ta kai Galadi. Da ta ce za ta tafi ƙauyen da kanta, na yi mata faɗa sosai, don tsoro ya kama ni. Hanyar nan maza ma addu'a suke kafin su hau ta. Ta saurare ni har na gama, ta cusa rigar da hular audugar a leda, ta hau mota zuwa Shinkafi, daga can ta hau babur.

A zauren mai gari, in ji ta, ta zazzage ledar gaban dattawa da shugaban 'yan sa-kai. Ta sa rigar, ta ɗora hular bisa hijabinta, ta kunna bidiyon tana fassara musu jimla jimla. Wasu suka yi dariya. Shugaban bai yi ba.

"In wasa na, don mi shika kuka?" ya tambaye ta.

"Don ya iya ne," ta ce. "Ni na koya masa."

Mai gari ya karɓi hular audugar, ya jujjuya ta a hannunsa. Sannan ya ce, "Malama, mu da munka gani mun yarda. Amma hoton ga ya tai garuruwan da ba ki iya zuwa da ledarki. Ki ce mai shi zamna Ƙaura. Kar shi taho hutu, kar shi taho Salla, sai mun aiko."

Ta dawo lafiya, ƙafafunta a kumbure. Ta kira Jabir ofis ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya tambaya ko ta ga innarsa. Ta ce ta gan ta, tana gaishe shi.

Har yanzu tana shirya kotunta, amma da sunayen aro, kuma sai an tara wayoyi a kwali kafin a fara. Ɗalibai na dariyar sunayen, ba ta hana su. Jabir ya gama karatu, yana kwana a shagon ƙanen mijinta. Salla biyu ke nan a gidanta yake cin tuwo, kuma duk ran da ya shigo gaishe ta, tambayarsa ɗaya ce: "Malama, sun aiko?"