Ranar da Injin Gas Ya Yi Tari

Ranar Laraba ce, ana saura kwana biyu Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Ina tsakar gidanmu a unguwar Walia ina yanka wa rago ciyawa, ƙawata Halima tana shanya kuɓewa, sai ga Baba ya shigo da rana tsaka, babu hular aiki a kansa. Bai kula ragon ba, ya zauna gindin darbejiya yana kallon tafin hannunsa.

Baba yana aiki ne a tashar matsa gas da ke bayan gari. Ya sha gaya mana cewa babban injin yana da hali irin na mutum: in aka rufe masa bututu farat ɗaya, gas ɗin ya rasa hanya ya dawo baya, sai injin ya kama tari, ƙasa ta yi ta rawa. "Ba a toshe bakin mai numfashi," in ji shi. Har wasa muka mai da abin, mukan toshe bakin famfon keke mu danna, mu yi ta dariya in ya ture mana hannu.

Kawu Idi, mahaifin Halima, daga Damagaram ya zo da jaka ɗaya. Baba ne ya ba shi ɗaki a gidanmu, ya nema masa aiki a tashar, kwano ɗaya suke cin tuwo. Kawu Idi ne ya rufe bututun da gaggawa a ranar, injin ya yi ta tari har ya lalace. Da manya suka tara su, sai ya ce Baba ne ya umarce shi. Aka sallami Baba, aka ba Kawu Idi gurbinsa.

Bayan Sallah Kawu Idi da iyalinsa suka tashi zuwa unguwar Milezi. Inna ta so ta tare shi a ƙofa, Baba ya hana, har ya kama masa ɗaukar katifa. "Ki bar shi, ya san abin da ya sani," ya ce. A filin lakwal na kai wa Halima duwatsun carafkenmu, ta ce an hana ta wasa da ni.

Baba ya koma noman albasa a bakin kogin Chari har ƙarshen ransa, bai ƙara ambatar tashar ba. Yanzu gidajen siminti sun cinye lambun, ni kuma nakan wuce Milezi a kan babur ina duba fuskokin mata sa'o'ina. Har yau ban san me aka gaya mata a kanmu ba.