An Gan Ni a Layin Abinci

A shekarar da aka rage mana shift, wato lokutan aiki, a gidan kula da tsofaffi na fara zuwa food bank, inda ake raba wa mabuƙata abinci kyauta. A zauren wani coci yake a unguwar Ardwick ta Manchester, ba nisa da flat ɗinmu. Ranar farko na ja hular rigar sanyi na rufe rabin fuskata, ina Allah-Allah kada wani ɗan ƙasarmu ya gan ni. Matar da ke gabana ta juyo ta dube ni, ta yi dariya, ta ce da guntun Turancinta, "Sister, ba sata muka zo yi ba."

Ashe maƙwabciyata ce, a benen da ke samanmu take. 'Yar ƙasar Ekwado ce, mijinta ya rasu tun suna Sifen, ita ke riƙe da 'ya'yansu da aikin shara a ofisoshi. Daga ranar muka riƙa tafiya tare.

Abin da ake ba mu wake ne na gwangwani, miyar gwangwani, taliya, biskit. Ya rufa mana asiri, ba zan raina ba. Amma ita hawan jini gare ta. GP, wato likitanta, ya ce ta rage gishiri, ta ci kifi da ganye, ta daina sa damuwa a ranta. A kan matakala ta kwaikwaya mini muryarsa, muka yi dariya har da hawaye. "A wane shago ake raba kwanciyar hankali," ta ce, "in je in bi layi?"

Sai daga baya na gane ba ta cin abincin ma. Yara su ci, ita ta ce musu ta ci a wurin aiki. Shayi da burodi, shi ke nan, ga landlord kullum da maganar ƙarin haya.

Wata rana muna hawa bene da jakunkuna ta tsaya ta dafa bango. Ta ce muƙamuƙinta na ciwo, hannunta na hagu ya yi nauyi. Gumi take yi cikin sanyin nan. Na ciro waya, ta riƙe mini hannu.

"Kada ki kira ambulance. Ina da shift da yamma, in ban je ba wata za a ba."

Na kira. Ta zage ni da yarensu har motar ta iso. Zuciya ce. An sa mata wani ɗan ƙarfe a jijiya don jini ya samu hanya, yaranta kuma suka sauko wurina.

Tana asibiti yayata ta bugo daga unguwar Aston ta Birmingham. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "An ce an gan ki a layin sadaka."

"Ni ce, Yaya."

"Ba ki da 'yan'uwa ne? In maganar nan ta kai Jos me za mu ce wa Mama?"

Na san ita ma aiki biyu take haɗawa, na san tana shan maganin hawan jini a ɓoye. Ban faɗa ba. Na ce mata ina nan zuwa bikin godiya na cocinsu.

Na shiga motar coach zuwa Birmingham ranar Lahadi. Cocin a Balsall Heath yake, duk 'yan gida ne, an sha atamfa da leshi. Na lura da yadda wasu mata ke gaishe ni da tausayi mai yawa. Da aka ce masu shaida su fito, na tashi. Yaya ta ja mini zani, na zame.

Na ce, "Ina gode wa Ubangiji da layin food bank. E, ni aka gani. Ina aiki, ba na zaman banza, abinci ne bai isa ba. Maƙwabciyata ta ɓoye yunwarta har zuciyarta ta kusa tsayawa. Ni ba zan mutu don a ce ina da rufin asiri ba. Wanda ya gan ni kuma, ya tsaya mu gaisa."

Amin ɗin da aka yi ba shi da ƙarfi. Yaya ba ta raka ni tasha ba, kuma har yau tana ganin na kunyata gidanmu.

Da na koma Manchester na tunkari matar da ke kula da rabon abincin, na ce masu ciwon zuciya fa? Ta ce ba su da firjin ajiye ɗanyen abinci. Na ce kabeji da karas ba sa buƙatar firji. Na dame ta mako bayan mako, har aka fara samo kwandon kayan lambu daga kasuwa. Wani makon a samu, wani makon babu.

Maƙwabciyata ta koma aiki tun kafin likita ya yarda, ban iya hana ta ba. Abin da na iya shi ne, in na yi faten wake da alayyahu, ba gishiri sosai, in hau da kwanonta in zauna. Tana mita cewa abincina salam yake, ni kuma ba na sauka sai ta cinye.