Goran Mijin Gwaggo

Idan 'yan mata masu son koyon kiɗan ƙwarya suka tambaye ni a wurin wa na koya, sai in ce musu a wurin jirgin ƙasa. Su yi ta dariya, ni ma in taya su. Ba ƙarya na yi musu ba, sai dai ban faɗi duka ba, don sauran ba labarin gidan biki ba ne.

A Nguru na tashi, a kwatas ɗin reluwe, inda Babana yake aiki. Nan ne ƙarshen layi. Jirgi in ya iso ba shi da inda za shi, sai a ɗura masa banda da fatu da hatsi ya juya Kano. Akwai mahaɗar layi a bayan gidanmu, kuma duk sanda ƙafafunsa suka hau ta sai su yi wani taku mai daɗi, ni kuwa in bi shi da cokali a gindin kwano. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata Kirista 'yar wajen Jos, matar wani akawu. Matan cocinsu kan taru a gidanta da yamma su yi gwajin waƙa, suna bugun bakin tulu da tafin hannu. Ranar da ta kama ni ina leƙe ta saman katanga cewa ta yi, "Kai yarinya, shigo mana, tulu ba ya cizo." Na shiga, ban kuma daina shiga ba. A bakin kasuwa kuma akwai wani Babarbare mai shago da ba ya rabuwa da kaset ɗin waƙoƙin Sudan. In an aike ni sayen kalwa sai in tsaya a gefen shagonsa har a manta da miyar.

Duk abin da na kwaso a waje, a kan ƙoren Inna nake saukewa. Na fasa mata su ba adadi. Inna Bamanga ce, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, takan nuna ni da muciya ta ce, "Wannan yarinya hannunsa ba ya jin magana. Wata rana sai ya bugo abin da ya fi ƙarfinsa." Na ɗauka faɗan ƙwarya ne kawai.

Babana yana da ƙanwa guda ɗaya, Gwaggo, tana aure a Gashuwa. Mijinta Babade ne, masunci, irin masu kifa ciki a kan ƙaton gora su yi ta yawo a ruwa da komarsu. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙorafi ba. A shekarun farin nan na farkon tamanin, shekarar da kogin Gashuwa ma bai cika ba, ya shiga ruwa da safe bai fito ba. Aka neme shi har aka gaji. Goransa kawai aka samu ya maƙale a cikin ciyawa, da kifi a ciki bai ko mutu ba.

Dangi suka yi sadaka, malamai suka ce ta shiga takaba. Gwaggo ta ce ba ta shiga. Mutumin da ya fi kifi sanin ruwa, in ji ta, ba ya nutsewa a ruwan da yaro ke tsallakawa. Abinci sai an yi da gaske take taɓawa. Kullum rana tsaka, lokacin da ta saba kai masa fura, sai ta ɗauki goran ta nufi kogi. Maƙwabtanta suka aiko wa Babana cewa matar nan kullum ƙara shiga ruwan take yi, in ba a yi wani abu ba wata rana ba za ta fito ba. Da aka ba mu dogon hutu sai ya sa ni a a-kori-kura zuwa Gashuwa. Aikina ɗaya, in bi ta duk inda ta sa ƙafa, in na ga ruwa ya wuce mata gwiwa in kurma ihu.

Na same ta ta rame, idanunta sun faɗa, amma hankalinta sarai yake. Ta tambaye ni makaranta, ta yi mini tsiyar cewa na yi tsawo kamar karan dawa ba auki. Gidan fes, sai dai murhun da take bandar kifi ya yi sanyi har kaji suna kwana a ciki. Goran yana jingine a ƙofar ɗaki, ya yi baƙi yana sheƙi saboda gugar ƙirjin mai shi. Ni da ko turmi ba na wucewa ban ɗan taɓa shi ba, wannan ban iya kai masa hannu ba.

Washegari da rana ta take muka tafi kogi. Ban taɓa son bakin ruwa a wannan lokacin ba. Masu wanki sun tashi, masu shanu ba su iso ba, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, kuma kowa ya san su wa ke fitowa shan iska a irin wannan sa'a. Gwaggo ta ɗora goran a ruwa, ta shiga har ƙauri, ta ƙwanƙwasa shi da zoben ƙarfen da ke yatsarta. Ƙwas, ƙwas-ƙwas. Sai ta tsaya, ta karkata kai. Can ta sake. Ƙwas, ƙwas-ƙwas. Ta sake tsayawa.

Sai daga baya na san mene ne wannan. Masuncin da ya shige cikin dogayen ciyayi ba a ganinsa daga gaɓa, murya kuma tana korar kifi. Don haka in matarsa ta kawo abinci sai ta bugi ƙwarya, ma'ana kana nan? Shi kuma ya amsa mata a jikin goransa. Kiran kusan iri ɗaya ne a wurin kowa, amma amsa kowane gida da tasa, tsakanin miji da mata take, don kada wani ya fito a kiran matar wani. A lokacin ba wanda ya gaya mini, kowa ya ɗauka na sani. Ni abin da kunnena ya ji kiɗa ne da aka fara ba a ƙarasa ba. Matan coci in ɗaya ta buga, ɗaya ce ke amsawa. Jirgi ma in ƙafar gaba ta taka, ta baya ce ke cikawa. Wannan kuwa an buga an bar rami, ramin ya yi ta yi mini ƙaiƙayi a tafin hannu.

Haka muka yi ta zuwa. Ruwan ya tashi daga ƙauri ya kai gwiwa. Ina gani, ina jin tsoro, amma na kasa ihun, don ba ta yi kama da mai shirin mutuwa ba. Ta yi kama da mai jiran mutum ne a tasha.

Ranar da abin ya faru na tafi da kwanukanmu cikin wata ƙwarya don in wanke. Na ɗan gangara ƙasa da ita, bayan wani cincirindon ciyawa, inda nake jin ta amma ba na ganinta sosai. Na gama wanki, na kife ƙwaryar a kan ruwa ina wasa da ita. Iska ta tsaya cak. Tsuntsayen da ke ta hayaniya a tsallake suka yi tsit kamar an rufe su da faifai. Sai na ji kiran. Ƙwas, ƙwas-ƙwas.

Ban yi niyya ba, wallahi. Hannuna na dama ya yi sanyi tun daga gwiwar hannu, ya sauka a kan ƙwaryar. Abin da ya fito gajere ne, bugu mai nauyi, sai wasu ƙanana a guje, sai ɗaya a ƙarshe da ya zo a makare kamar mai ɗingishi. Ban taɓa buga shi ba. Ƙarar kuma ba ta yi kama da ta yatsun yarinya ba, ta fita tas, ta bi saman ruwa ta tsallaka, ta dawo.

Na ji ruwa yana motsi. Na miƙe na leƙa, sai ga Gwaggo ta saki goran, ta nufo ciyawar ta cikin kogi, ba ta gaɓa ba. Ruwa a ƙugunta, ruwa a ƙirjinta, tana ture ciyawa da hannu biyu, fuskarta da wani haske da ban gan shi ba tun zuwana. Sai a sannan ihun ya zo mini. "Gwaggo! Gwaggo, ni ce!"

Ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar da ke lilo a gabana. Na ga hasken nan ya bar fuskarta, kuma har yau ban ga abin da ya fi wannan ban tausayi ba. Ta taho a hankali ta fito gaɓa, zaninta yana zuba. Na ɗauka duka zan sha, na kuwa san na ci a dake ni, karambanin akuya gai da kura. Amma hannuna ta kama, ta juya shi, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ina zoben?"

"Ba ni da zobe, Gwaggo."

"Da zobe aka buga wannan." Ta ƙara matse hannun. "Wa ya koya miki?"

"Ba kowa."

"Kin taɓa jin sa a wurinsa? Ko sanda kuka zo da sallah?"

Na ce ban taɓa bin su kogi ba, ita ma ta sani. Ta ce in sake bugawa. Na durƙusa na gwada, na sake gwadawa, ba abin da ya fito sai shirme, hannuna ya koma nawa. Na fashe da kuka.

Gwaggo ta zauna a kan yashi, ta daɗe tana kallon goran da ruwa ya fara ja. Sannan ta ce, "Amsarsa biyu ce, 'yar nan. In ya buga ta farko, ga ni nan zuwa ke nan, sai in zauna in jira. Wannan da kika buga ta biyun ce. Ba ya buga ta sai in ya yi nisa." Ta share ruwan fuskarta da bayan hannu. "Cewa yake, je ki gida, kar ki jira ni."

Ta tashi ta kamo goran da kanta, ta ɗora a ka, muka koma. Da muka isa ta ce in dama mata fura, ta shanye tas. Washegari ta aika aka kira matar liman, Gwaggo ta tsefe kanta, ta shiga takaba. Ba ta sake zuwa kogi rana tsaka ba.

Da Babana ya zo ɗaukata ya ji labari, ya ce ai takun jirgi ne a mahaɗar bayan gidanmu, yarinya ta haddace ba ta sani ba. Na so ƙwarai in yarda da shi. Da na koma Nguru na zauna a bakin layin nan na saurari jirgi ya fi a ƙirga, akwai ɗan kama, amma jirgi ba ya ɗingishi a ƙarshe. Inna ba ta tsaya musu ba, ta karɓo mini rubutu na sha har na ƙoshi.

Da safen da za mu taho daga Gashuwa kuwa, Gwaggo ta sa aka kawo zarto, ta ce a raba goran a ba ni gindin. Babana ya ce, "Ke kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya." Ta ce, "Yaya, wannan ya riga ya yi tafiyarsa." Ta cire zoben yatsarta ta haɗa mini. Ya yi mini yawa, sai da na naɗa masa zare.

Da wannan rabin goran na fara kiɗa na kaina. Da farko a tsakar gida, daga nan sunan maƙwabta, kafin shekarun tamanin su ƙare ba a cika yin biki a unguwarmu ba a neme ni ba. Na zuba jirgi a ciki, na zuba tulun matan coci, na zuba jan muryar mutanen Sudan. Amma duk waƙar da na ƙaga sai na bar rami a tsakiya, in buga in ɗaga hannu. Mata suna tsokanata wai ni ce mai kiɗa da giɓi, har sun saba, in na ɗaga hannu sai su cike da tafi ko guɗa. Suna jin daɗinsa. Ni kuwa duk sanda na ɗaga, sauraron abin da ke bayan tafin nake yi.

A ƙarshen shekarun nan aka aiko Gwaggo ba lafiya. Na tafi da ƙwaryata, rabin goran nan, don daga gidan wani biki aka ɗauko ni. Na same ta a gadon ƙarfenta, kwana da kwanaki ba ta magana, ba a ma tabbatar tana ji ba. Rana ta take, matan da ke jinyarta sun fita alwala. Na kira ta, shiru. Na kama hannunta, shiru. Sai na kife ƙwaryar a cinyata, na juya zoben, na buga mata a hankali. Ƙwas, ƙwas-ƙwas. Na ɗaga hannu.

Idonta a rufe. Yatsarta ta lalubi ƙarfen gado, farcenta ya sauka a kai. Bugu mai nauyi, ƙanana a guje. Na riƙe numfashi ina roƙon Allah ta tsaya a nan, ko ta sauya, ta ba ni ɗaya amsar da ban taɓa ji ba. Sai na ƙarshen ya zo, a makare, da ɗingishinsa.

Ban tafi gida ba. Na zauna riƙe da hannun har ya yi sanyi.